Ranar juyi: yadda fasinjojin da ba sa sauka ke wuni a jirgin ruwan shaƙatawa

Ranar Asabar, tun gari bai gama wayewa ba, jirgin ruwan Icon of the Seas yakan shigo tashar jiragen ruwa ta Miyami da ke jihar Florida ta Amurka, bayan ya shafe kwana 7 yana zagaya tsibiran Karebiyan. Tsawonsa mita 365 ne, hawa 20 gare shi, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Kafin rana ta faɗi dole ne a sauke waɗannan dubban mutane da kayansu, a share ɗakunan kwana fiye da 2,800, a loda abincin mako guda, a ɗauki wasu dubban fasinjoji, jirgin ya sake komawa teku.

Wannan ita ce ranar juyi, ranar da tafiya ɗaya ke ƙarewa wata ta fara a tasha guda, cikin sa'o'in da ba su cika wuce 10 ba. A tsakiyar wannan hada-hada akwai wani rukunin fasinjoji da ba su ɗaure kaya ba, ba su kuma nemi motar filin jirgin sama ba. Tun farko sun biya kuɗin tafiya biyu, ko uku, ko ma fiye, ɗaya bayan ɗaya a jirgi guda. Da a ƙasar Hausa ne, masu tazarce za a kira su.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka waɗannan mutane barcinsu kawai za su sha har jirgi ya tashi. Abin ya fi haka. Dokar shige da fice, da dokar kare rayuka a teku, da wata tsohuwar dokar Amurka ta shekarar 1886, duk suna da ta cewa a kan wannan wuni. Wanda bai san su ba yana iya asarar tikitinsa, ko ya tsinci kansa a bakin gaɓa jirgi ya tafi ya bar shi.

Kasuwar da ba ta son jirgi ya kwana

Ƙungiyar kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa ta duniya, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a shekarar 2023, adadin kuma ya kai miliyan 34.6 a 2024. Tashar Miyami kaɗai ta ga fasinja fiye da miliyan 8 a shekarar kasafinta ta 2024. Jiragen nan otal-otal ne masu yawo a kan ruwa: akwai gidajen cin abinci, da wuraren ninkaya, da zaurukan wasanni, da kantuna, da ɗakin shan magani.

Gina irin wannan jirgi yana cin ɗaruruwan miliyoyin daloli, manya daga ciki sun haura dala biliyan ɗaya. Saboda haka kamfani ba ya yarda jirgi ya kwana a tasha babu fasinja. Dare ɗaya da ɗakuna suka kwana wayam asara ce da ba ta dawowa. Ga kuma wani dalili: a yawancin tashoshi, kantunan da ba a biyan harajin kaya da gidajen caca na jirgin a rufe suke muddin yana ɗaure a gaɓa, sai ya fita teku ake buɗe su. Shi ya sa ake matse komai a cikin wuni ɗaya, shekara ta zagayo jirgi bai huta ba sai lokacin da aka kai shi gyara.

Aikin yana farawa tun daren jajibiri. Fasinjojin da za su sauka sukan ajiye jakunkunansu a ƙofar ɗaki, kowace da alama mai launi ko lamba, ma'aikata su kwashe su cikin dare zuwa hawan ƙasa. Da jirgi ya tsaya, wajen ƙarfe 6 ko 7 na safe, motocin ɗaga kaya sun fara fitar da su. A lokaci guda ana sauke shara da aka riga aka ware, domin yarjejeniyar MARPOL ta haramta zubar da roba a teku kwata-kwata. Manyan motoci kuma sun yi layi a bakin gaɓa ɗauke da nama, da kifi, da ƙwai, da ganye, da gari, da ƴaƴan itace, kowane kaya sai an duba shi kafin ya shiga. Wani lokaci a ranar ne ake shan mai. Daga misalin ƙarfe 10 na safe ake sa ran fasinja na ƙarshe ya fita, wajen 11 sababbi su fara hawa, tsakanin ƙarfe 4 da 5 na yamma a kwance igiyoyi.

Wasiƙar da ke zuwa ɗaki

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar juyi, mai tazarce yakan tarar da wasiƙa a ɗakinsa. A ciki ake gaya masa inda zai hallara da safe, da ƙarfe nawa, da takardun da zai riƙo. Wasu kamfanonin har taro sukan kira don yin bayani.

A wurin kamfani, tafiya biyu a jere ciniki biyu ne dabam. Katin da fasinja ke buɗe ɗaki da shi, wanda kuma shi ne kuɗinsa da shaidarsa a cikin jirgi, yakan daina aiki da ƙarewar tafiyar farko, a ba shi sabo. A yawancin jirage ana rufe asusun tafiyar farko, a cire abin da ya kashe, a buɗe wani. Abin da ya saya dunƙule, kamar intanet ko abin sha na mako, ba ya bin sa zuwa tafiya ta biyu sai in ya sake biya. Haka ma kuɗin hasafin ma'aikata da ake lissafawa kowace rana.

Babban abin da ke raba masu tazarce gida biyu shi ne ɗaki. Wanda ya yi sammakon sayen tikiti ya sami ɗaki ɗaya a tafiyoyin biyu, ba abin da zai taɓa, tufafinsa suna nan a rataye. Wanda ya makara ya tarar an sayar da ɗakinsa a tafiya ta biyu, dole ya yi ƙaura. Zai tattara ƙananan kaya cikin jaka, ya kwashe abin da ya ajiye a akwatin sirri, masu kula da ɗakuna su ɗauke sauran, har da tufafin da ke rataye, zuwa sabon ɗakin. Shawarar da ma'aikata ke maimaitawa ita ce fasfo da magunguna da kuɗi su kasance a hannun mai su, domin sa'o'i kan wuce kafin mutum ya sake ganin jakarsa.

A Amurka sai ƙidaya ta koma sifili

A tashoshin Amurka, zama a cikin jirgi ba ya nufin mutum ba zai motsa ba. Jirgin da ya dawo daga ƙasashen waje, duk wanda ke cikinsa sabon shigowa ƙasa ne a idon hukumar duwan da tsaron iyakoki ta ƙasar, CBP. Kafin a bari sabon fasinja ko ɗaya ya hau, sai na'urar da ke bakin ƙofa ta nuna cewa babu sauran fasinjan tsohuwar tafiya da bai bi ta hannun jami'ai ba. Wannan ita ce ƙidayar sifili.

Yadda abin yake gudana a Miyami, da Fort Lauderdale, da Port Canaveral, kusan iri ɗaya ne. Masu tazarce sukan hallara a wani zaure ko gidan cin abinci wajen ƙarfe 9 zuwa 9 da rabi. Nan za su zauna har sauran fasinjoji su gama fita. Daga nan ma'aikaci ya ja su a ayari ɗaya, kowa ya nuna tsohon katinsa a ƙofa a cire shi daga lissafi, su sauka zuwa ginin tasha. A yawancin manyan tashoshin yanzu na'urar ɗaukar hoton fuska ce ke tantance mutum cikin daƙiƙoƙi, amma wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya tsayar da shi a duba fasfo da biza. Bayan an gama, sai su jira a ba jirgin izini, su koma da sabon kati, su ne na farko. A wasu lokutan jami'an ne ke hawowa su yi aikin a cikin jirgi.

Idan komai ya tafi daidai, rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya ta isa. Amma mutum ɗaya yana iya riƙe dubbai. Fasinjan da ya yi nauyin barci, ko wanda ya ƙi fitowa don yana gardama kan lissafin asusunsa, sai an yi ta kiran sunansa ta lasifika, kowa yana jira. A waje kuwa sababbin fasinjoji sun cika ginin tasha, wasunsu sun kwana a hanya. Shi ya sa ma'aikata ba sa wasa da mai tazarcen da ya ce shi ba zai sauko ba tunda ya riga ya biya.

Akwai zaɓi na biyu. Mai tazarce yana iya fita da safe tare da masu sauka, ya shiga gari ya wuni, ya dawo da katin da ke nuna cewa shi mai wucewa ne, wanda ke ba shi damar kauce wa dogon layin sababbin fasinjoji. Masu doguwar tafiya da wannan damar suke sayen magani, da sabulu, da sauran abin da ya yi tsada a kantin jirgi. Sharaɗin shi ne ba zai iya komawa ba sai ƙidaya ta kai sifili, kuma dole ya dawo kafin lokacin rufe ƙofa. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita don kansa.

A Turai abin da sauƙi

A tashoshin Bahar Rum, irin su Barsalona a Sifaniya, da Marseille a Faransa, da Genoa da Civitavecchia a Italiya, jirgin da bai fita daga yankin Schengen ba babu iyakar da ya tsallaka. Sau da yawa mai tazarce yakan karɓi sabon katinsa a teburin karɓar baƙi, ya koma ya ci gaba da harkarsa ba tare da ya taka ƙasa ba.

Kamfanonin MSC da Costa ma suna da wani tsari na dabam a can. Jirgi yana zagaya tashoshi shida ko bakwai a mako, kuma a da yawa daga cikinsu ana sauke wasu a ɗauki wasu, kamar motar haya da ke tsayawa gari-gari. Wanda ya hau a Barsalona zai sauka a Barsalona, wanda ya hau a Genoa zai sauka a Genoa. A irin wannan jirgi babu rana ɗaya da ake kwashe kowa, aikin ya rarrabu cikin mako, kuma jirgin ba ya taɓa zama wayam.

A inda ake kwashe kowa kuwa, sa'o'in da ke tsakanin fitar tsofaffi da shigar sababbi su ne abin da masu tazarce suka fi yabawa. Wurin ninkayar da jiya ba a samun kujera, yau mutum biyar ne a ciki. Na'urar hawa bene ba layi. Wasu kamfanonin sukan shirya musu abincin rana na musamman. Sai dai yawancin wuraren hidima a rufe suke, ko'ina ana wanki da goge-goge, ƙofofin da ke zuwa ɗakunan kwana ma akan rufe su don masu shara su yi aiki. Shirun ba ya daɗewa: kafin azahar wurin cin abinci ya sake cika da mutane masu jan jakunkuna.

Tarkon dokar 1886

A shekarar 1886 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar jigilar fasinja a ruwa don kare jiragen ƙasar daga gasar baƙi. Dokar ta hana jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa ya ɗauki fasinja a wata tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurka dabam, sai idan ya biya ta tashar waje mai nisa. Tashoshin Kanada, da Meziko, da Amurka ta Tsakiya, da Bamuda, da yawancin tsibiran Karebiyan, duk na kusa ake ɗaukar su. Na nesa su ne irin na Amurka ta Kudu da tsibiran Aruba, Bonaire da Curaçao.

Dokar tana da tasiri ne saboda kusan dukkan manyan jiragen shaƙatawa a ƙasashen waje aka yi musu rajista, irin su Bahamas, da Panama, da Malta. Icon of the Seas kansa, duk da cewa daga Miyami yake tashi, tutar Bahamas yake ɗauke da ita, a ƙasar Finlan kuma aka ƙera shi. Babban jirgin shaƙatawa na teku da ke da tutar Amurka shi ne Pride of America, wanda ke zagaya tsibiran Hawaii.

Ga inda mai tazarce ke faɗawa rami. A ce jirgi ya tashi daga Los Angeles zuwa Vancouver ta Kanada a farkon bazara. Wannan tafiya halal ce, domin ta ƙare a ƙasar waje. Washegari ko a ranar, jirgin ya tashi daga Vancouver zuwa Seward ta jihar Alaska. Ita ma halal ce, domin daga waje ta fara. Amma wanda ya haɗa su biyu a jirgi guda, hukuma tana duba inda ya fara hawa da inda ya sauka a ƙarshe: Los Angeles da Seward, dukkansu Amurka, kuma Vancouver ba ta cikin tashoshi masu nisa. An karya doka. Tarar ɗaruruwan daloli ce a kan kowane fasinja, kamfani ake ci, shi kuma ya ɗora wa fasinjan. Don haka kamfanoni sukan ƙi sayar da irin wannan haɗi, in kuma ya kuɓuce musu suka gano daga baya, sai su soke ɗaya daga cikin tafiyoyin, ko da mutum ya riga ya sayi tikitin jirgin sama.

Ƙarfin dokar ya fito fili a 2021, lokacin da Kanada ta rufe tashoshinta ga jiragen shaƙatawa saboda annobar korona. Jiragen da ke zuwa Alaska daga Seattle sun rasa tashar wajen da doka ta wajabta musu tsayawa, sai da majalisar Amurka ta yi wata doka ta wucin gadi a watan Mayu na shekarar kafin su iya aiki.

Biza mai shiga ɗaya ba ta isa

Ga masu fasfon ƙasashen da ke buƙatar biza, ciki har da Nijar da maƙwabtanta, ranar juyi tana da wani nauyi. Duk lokacin da jirgi ya fita waje ya dawo, sabuwar shiga ce. Wanda ya sauka a filin jirgin sama da biza mai shiga ɗaya ya riga ya cinye ta tun kafin ya ga teku. Idan jirgin Bahar Rum ya taɓa Tunis, ko Kasabalanka, ko wata tashar Turkiyya, sannan ya koma Italiya ko Sifaniya, sai da biza mai shiga da yawa.

Akwai kuma ƙidayar kwanaki. Baƙo mai gajeriyar biza ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin Schengen. Mai tafiyar mako guda ba ya ma tunawa da wannan ƙa'ida, amma wanda ya jera tafiyoyi na watanni sai ya riƙa lissafi. A ƙa'idar kamfanonin, nauyin mallakar takardu a wuyan fasinja yake, kuma wanda aka hana hawa saboda rashin biza ba a cika mayar masa da kuɗinsa ba.

Atisayen da ba a yafe wa kowa

Da yamma, kafin jirgi ya tashi, akwai atisayen ceto: kowane fasinja ya san inda zai taru idan an busa ƙahon haɗari, da yadda ake sa rigar da ke hana nutsewa. Masu tazarce sun yi shi mako ɗaya da ya wuce, amma a jirage da dama ana sa su maimaita, musamman wanda ya sauya ɗaki, tunda wurin taruwarsa ma ya sauya.

Tsananin ya samo asali ne daga abin da ya faru ranar 13 ga Janairun 2012. Jirgin Costa Concordia ya tashi daga Civitavecchia ɗauke da mutum fiye da 4,200, bayan ƴan sa'o'i ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio ya kife a gefe. Mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba, domin dokar wancan lokaci ta ba da sa'o'i 24 bayan hawa. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta gyara yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS, kuma daga 1 ga Janairun 2015 ya zama dole a yi atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi. Bayan korona kamfanoni da yawa sun koma nuna bayanin ta waya ko talabijin ɗin ɗaki, sannan mutum ya je wurin taruwarsa a rubuta cewa ya zo. Wanda ya ƙi, kaftin yana da ikon sauke shi.

Masu tazarcen gaskiya

Waɗanda suka fi kowa zama a cikin jirgi ranar juyi su ne ma'aikata. Da yawansu daga Filifin, da Indunusiya, da Indiya suke, kuma kwangilar masu shara da masu hidimar abinci takan kai wata shida zuwa tara, aiki kowace rana. A wurinsu ranar juyi ce mafi wuya a mako. Mai kula da ɗakuna zai cire zannuwan gado, ya wanke makewayi, ya haɗa gadaje ko ya raba su yadda sabon baƙo ya nema, a ɗakuna fiye da goma, cikin sa'o'i uku zuwa huɗu. Ana ɗebo ma'aikata daga wasu sassa su taimaka da jigilar jakunkuna. A ranar ce kuma waɗanda kwangilarsu ta ƙare ke sauka, sababbi su hau su kama aiki nan take.

Yarjejeniyar aikin teku ta 2006 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2013, ta tanadi cewa hutun ma'aikacin jirgi kada ya gaza sa'o'i 10 cikin kowace sa'a 24, da sa'o'i 77 cikin kwana 7, kuma kada ya kai wata 12 a jirgi ba tare da haƙƙin komawa gida ba. Ko da an bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, mako na iya ɗaukar aikin da ya haura sa'o'i 70. Fasinjan da ke shan iska a hawan sama da hantsi, a kan gumin waɗannan mutane yake hutawa.

Tsabtar da suke yi ba don ado kaɗai ba ce. Cutar amai da gudawa ta norovirus tana saurin yaɗuwa a inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda, kuma tana iya tsallakawa daga tafiya ɗaya zuwa ta gaba. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, take da shirin duba tsabtar jiragen da ke shiga tashoshin ƙasar, ba tare da sanarwa ba. Ana ba da maki cikin 100, kuma wanda ya sami 85 ko ƙasa da haka ya faɗi. Idan cuta ta ɓarke a tafiyar da ta ƙare, akan jinkirta hawan sababbin fasinjoji don a yi feshi, a kuma fitar da masu tazarce su jira a waje na sa'o'i. Su da ma'aikata ne gadar da ƙwayar cuta za ta iya bi.

Waɗanda suka mayar da jirgi gida

Ga wasu, tazarce ya zama rayuwa. Mario Salcedo, haifaffen Kyuba da ya yi aikin harkar kuɗi a Amurka, yana zaune a jiragen kamfanin Royal Caribbean tun wajen shekarar 2000, kuma a watan Janairun 2025 ya yi tafiyarsa ta 1,000 da kamfanin. Daga cikin jirgi yake gudanar da kasuwancinsa ta kwamfuta. Yana da gida a Miyami, amma yawanci ranar juyi yake leƙa shi na ƴan sa'o'i. Ya sha gaya wa ƴan jarida cewa ƙafafunsa sun saba da rawar jirgi, har ba ya iya miƙe tafiya sosai a tudu.

A 2023 kafofin labarai sun ba da labarin wasu mata da miji ƴan Ostireliya da suka yi ritaya, waɗanda suka jera tafiya 51 a jirgin Coral Princess tun daga watan Yunin 2022, suna cewa hakan ya fi musu araha a kan gidan kula da tsofaffi. Tunanin ba sabo ba ne. A 2004 likita Lee Lindquist ta jami'ar Northwestern da abokin aikinta sun wallafa nazari a mujallar ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka, inda suka nuna cewa kuɗin zaman jirgi da na gidan kula da tsofaffi ba su da nisa da juna idan aka lissafa na shekaru.

Wannan lissafi ya fi ma'ana a ƙasashen da tsoho ke biyan kuɗi mai yawa kafin a kula da shi, ba inda yake tsufa a tsakiyar ƴaƴa da jikoki ba. Ko a can ma yana da iyaka. Ɗakin shan maganin jirgi ba babban asibiti ba ne, kuɗinsa dabam ake biya, kuma inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ba ta cika biyan jinyar da aka yi a tsakiyar teku ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, a tasha mafi kusa ake sauke shi, ko wace ƙasa ce. Ma'aikatan jirgi ba masu jinya ba ne, wanda ba ya iya kula da kansa ba a yarda ya yi tafiya shi kaɗai. Ga gundura: jerin abinci da wasannin dare sukan maimaita kansu mako-mako, abokan da aka yi kuma duk ranar juyi sai an yi ban kwana da su.

A nahiyar Afirka, Durban da Cape Town na Afirka ta Kudu ne manyan wuraren da ake ranar juyi, inda jiragen MSC ke yin gajerun tafiyoyi na kwana uku ko huɗu zuwa gaɓar Mozambik da Namibiya, abin da ke sa wasu haɗa biyu don tafiyar ta yi tsawo. A Jidda ta Saudiyya, kamfanin AROYA ya fara tafiyoyinsa a Bahar Maliya a watan Disambar 2024. Tashoshin Kwatano, da Lome, da Tema, da Dakar kuwa, jiragen shaƙatawa sukan yada zango ne na wuni ɗaya su wuce.

Duk inda tashar take, tsarin yammacin ranar juyi bai cika sauyawa ba. An rufe ƙofar lodi, an janye gadar hawa, jami'in tsaro ya tabbatar da cewa adadin da na'ura ta nuna ya yi daidai da sunayen da ke takarda. Sababbin fasinjoji sun cika hawan sama suna ɗaukar hoto da wayoyinsu. Masu tazarce, da sabon kati a aljihu, sun riga sun san teburin da za su ci abincin dare. Ma'aikatan da suka tashi tun asuba kuma suna shirin aikin dare na farko, saura kwana 7 su sake yin wannan wuni daga farko.